Ka Kai Wa Baba Majo Ciwonka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Habibu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake ni da kai mun san lafiyar ba cikakkiya ba ce. Allah ya sa albarka a aikin da ka samu, ya tsare ka a hanyar Agadas, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin gyangyaɗi a kan sitiyari.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya a Malbaza. Akwai maganar da uba ba ya iya kallon idon ɗansa ya faɗa, shi ya sa na rubuta, na ba uwarka ta miƙa maka. Yau Talata, ranar Asabar za ka ɗauki motar siminti ka kama hanya, kuma ba na so ka hau kujerar nan kafin ka karanta wannan har ƙarshe.

Na ga yadda kake zama kwanan nan. A gefe ɗaya kake ɗora nauyinka, in za ka tashi sai ka dafa ƙasa kamar tsoho. Na ga tsumman da ka naɗe kamar gammo ka ɗora a kan sirdin babur. Na ga gorar maganin basir da ka ɓoye bayan buhun wake a zaure. Uwarka kuma ta ga tabo a wandonka wajen wanki, ta kwana biyu tana juya maganar kafin ta iya gaya mini. Kada ka yi fushi da ita. Ni na san zaman nan tun kafin ta buɗe baki, don na yi shi shekara da shekaru.

Kafin in zo kan ciwon, sai na fara da Hasan, wanda kake kira Baba Majo. Ka san ɗan gwaggona ne, taubashina, abokin wasana tun muna tsirara a ƙauyenmu can wajen Alela. Abin da ba ka sani ba shi ne ina jin kishinsa, kuma na daɗe ina ji. Benci ɗaya muka zauna a lakwal, makarantar boko. Na fi shi lissafi, ka je ka tambayi duk wanda ya rage a cikin 'yan ajinmu. Ranar da sakamakon satifika ya fito, sunansa na ciki, nawa babu. Shi aka kai Konni karatu, ni aka miƙa mini hauya. Ya fito ma'aikacin jinya, ya yi ta hawa har ya zama majo, wato babba a kan masu jinya, da farar riga da biro biyu a aljihu. Ni na zama karen mota, daga baya na zama direba. Ban raina tuƙi ba, da shi na ciyar da ku, amma duk sanda muka haɗu a wurin suna ko biki, shi ake shimfiɗa wa darduma, ni a ce in matsa da motata ta tare hanya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai kai ne. Tun kana ƙarami in ya zo gidan nan kake manne masa. In na ce maka kaza, sai ka ce bari ka ji ta bakin Baba Majo. Ranar da ka samu permi, lasisin tuƙi, ni da na koya maka riƙon sitiyari ina zaune a ƙofar gida ina jiranka tun hantsi, ashe ka wuce Konni ka fara nuna masa. Da ka dawo na yi maka barka, na yi dariya, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Ko kalmar Baba ɗin nan da kake liƙa masa, har yau ba na son jin ta. Na faɗa maka wannan ne don ka gane irin wautar da zan ba ka labari, don kishin nan ne ya kusa kai ni kabari.

Kuskurena na fari a kan hanya na yi shi. Lokacin da nake jan siminti, tsayawa ita ce abar ƙyamata. Don kada fitsari ya tsayar da ni, sai na rage shan ruwa, in wuni cikin zafin nan da shayi kofi biyu. Abincina burodi, tsire, taliya, sai garin rogo in an matsu. Ganye kuwa ina ganin abincin awaki ne da mata. In bayan gida ya matsa mini sai in danne, in ce sai Tawa, in na kai Tawa in ce sai Abalak. Daga baya abokai suka koya mini tramol don kashe gajiya, ban san yana ɗaure ciki tamau ba. Sai na koma kwana uku, kwana huɗu ban zaga ba. In na tsuguna kuma sai yaƙi, ina yunƙuri ina nishi har idona ya yi ja. Wata safiya na ga jini ja wur. Bayan 'yan watanni wani ɗan nama ya fara leƙowa, ina mayar da shi da yatsa.

To ka ji, Habibu. Ka ajiye jarkar ruwa kusa da kai, ka sha ko ba ka jin ƙishirwa. Simintin ba zai narke ba don ka tsaya minti biyar. In ciki ya kira ka, ka nemi wuri ka faka, kada ka ce sai gari na gaba. In ka tsuguna bai zo ba, tashi abinka, kada ka yi ta yunƙuri, kada kuma ka zauna can kana latsa waya. Duk tashar da ka sauka akwai mai kwaɗon zogale ko rama, akwai mai wake, akwai miyar kuka da kuɓewa, lokacin mangwaro akwai mangwaro. Ka ci. Bayan kowace tafiya mai nisa ka sauko ka taka ƙasa, ka zaga motar ko sau biyu ne. Tramol kuwa, in ka taɓa shi ban yafe ba.

Kuskurena na biyu kalmar basir ce. Mu direbobi ba mu da wani ciwo sai shi. Baya ya riƙe, basir. Ciki ya kumbura, basir. Kasala, jiri, mutum ya kasa da iyalinsa, duk basir. Masu magani kuma sun san mu sarai. Akwai wani mai lasifika da nake tsayawa wurinsa a kasuwar Konni, har yau muryarsa na kunnena: "Basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa kasala, basir mai hana maigida aikin gida! Gora guda ta ishe ka!" Gora guda ba ta taɓa isata ba. In na sha sai ciki ya ɓarke, in yi ta zawo, ni kuma ina murna wai dattin basir ne ke fita. Kwana biyu ciki ya sake ɗaurewa fiye da da, wurin kuma ya ƙara yin ɗanye.

Sai daga baya na san mene ne basir na gaskiya, kuma da baƙin ciki nake gaya maka daga bakin Hasan na ji. Jijiyoyin jini ne na bakin dubura suke kumbura saboda yawan yunƙuri, da taurin bayan gida, da dogon zama, da ɗaukar kaya masu nauyi. Shi ke kawo ƙaiƙayi, da jini bayan an zaga, da tsiron nan. In bai yi nisa ba, ruwa da ganye da zama cikin bahon ruwan ɗumi da man shafawa na likita suna kwantar da shi. In ya yi nisa akwai yadda suke ɗaure shi ya bushe, ko su cire shi. Ya kuma ce mini ba duk jinin da ya fito ta nan ne basir ba, wani daga can cikin hanji yake, kuma yana iya zama babban abu. Don haka kada ka raɗa wa ciwonka suna da kanka. Ka bar wanda ya duba da idonsa ya faɗi sunan.

Kuskure na uku shi ne babba, kuma shi nake jin tsoro a kanka. Kana da shekara goma a lokacin. Na dawo daga tafiya sai na ji wani ciwo dabam a gefen wurin, ba irin wanda na saba ba. Wannan zugi yake yi ba hutawa, ko ina tsaye ko ina kwance. Wurin ya kumbura, ya yi tauri, ya yi zafi. Tari ma in na yi sai na ji har ƙwaƙwalwa. Na ce basir ne ya tashi, na ninka maganin gora. Kwana na huɗu masassara ta rufe ni.

Uwarka ta ce, "Maigida, ka tahi wajen Majo mana, ga shi nan kusa."

Na ce, "Wa? Hasan? In tuɓe wando gaban Hasan? Wallahi ko mutuwa za ni yi."

Ka san wasan taubasai. Mutumin da in na yi tuntuɓe a gabansa sai ya shekara yana ba da labari, shi zan buɗe wa bayana? Na hango shi a wurin biki yana kwaikwayon tafiyata, jama'a na dariya. Haka na gaya wa uwarka, kuma haka na gaya wa kaina. Amma gaskiyar ita ce ba na so ya zama shi ne mai sani, ni ne mai roƙo. Ya riga ya ci satifika, ya ci darduma, yana neman cinye mini ɗa, ban ga dalilin da zan ƙara masa da wannan ba.

Sai na aika aka kira wani wanzami daga wani ƙauye, wanda bai san kowa nawa ba. Ya duba ya ce basir ne mai ruwa. Ya sa aska ya ɗan tsaga, mugunya ta fito, ya barbaɗa wani gari ya tafi. Na samu sauƙi, har na yi wa uwarka gori, na ce ga shi an gama ba tare da farar riga ba. Ashe bakin kawai ya taɓa, gindin abin na can ciki. Fatar ta rufe, bayan 'yan makonni ta sake kumbura, ta fashe da kanta. Daga nan wata 'yar ƙofa ta zauna a wurin, kullum tana tsiyayar ruwa mai wari.

Kusan shekara guda na yi a haka, kuma ban taɓa gaya wa kowa irin zaman da na yi ba sai yau. Wando uku nake ɗauka in zan yi tafiya. Turare nake zubawa kamar ango. Alwalata ba ta da tabbas, ni da nake sahun gaba a masallacin unguwa na koma na ƙarshe, kusa da takalma, don in fice kafin a gaisa. Wata Juma'a wani dattijo da ke gefena ya ɗan ja jikinsa. Na dawo gida na rufe ɗaki na yi hawaye, ina da 'ya'ya biyar.

Ƙarshenta ƙofar ta toshe, kumburin ya dawo ya fi na farko, masassara har ina sambatu da rana tsaka. Uwarka ba ta sake neman izinina ba. Ta aika Konni, kafin la'asar sai ga Hasan a kan babur da jakarsa. Ya kori kowa daga ɗakin, ya tura ƙofa. Na juya fuskata ga bango ina jiran dariyar.

Ya duba sosai. Sannan ya ce, "Isuhu, wanga ba basir ba na. Maruru na. Basir ɗin ma kana da shi, amma ba shi ka son kashe ka ba. Tun yaushe?"

Na ce, "An kusa shekara."

Ya ce, "Shekara. Ina Konni, kana wucewa ta ƙohwar gidana da mota duk sati. Mi na yi maka?"

Ya fita neman motar da za ta kai ni asibiti.

Shi ya yi mini bayani a hanya, cikin motar da ya samo. Ya ce a cikin dubura akwai wasu 'yan ƙananan ramuka, in ɗaya ya toshe ƙwayoyin cuta suka taru, sai mugunya ta taru ta zama maruru. Ya ce irin wannan ba ya jin jiƙo, ba ya jin man shafawa, ko ƙwayoyin likita su kaɗai ba su isa ba, dole sai an tsaga shi yadda ya kamata an kwashe mugunyar, da kayan aiki masu tsabta, bayan an kashe zafin wurin. In an yi da wuri, aikin ɗan lokaci ne, sai wanki da zama cikin ruwan ɗumi har ya warke. In an bar shi, ko dai cutar ta bazu ta shiga jini, ko ta haƙa hanya daga ciki zuwa waje ta yi ta yoyo, irin nawa. Ya ce wani ko an yi masa da wuri hanyar na iya fitowa, amma wanda ya yi jinkiri shi ya kira ta da kansa. Ya sa aka auna ni ciwon sukari, don ya ce masu shi sun fi saurin kamuwa, Allah ya taimake ni ba ni da shi.

A ranar aka tsaga marurun. Bayan wata biyu likitan fiɗa ya yi mini aiki na biyu don rufe hanyar. Na daɗe ina jinya a kife. Mai motar da nake ja ya jira iya jiransa, ya ba wani makullin, ban kuma ga laifinsa ba. Tun daga nan ban sake jan babbar mota ba. Ku an ce muku ciwon baya ne ya sauke ni, ni na ce a faɗa muku haka, kuma ƙarya ce. Abin da aikin rabin sa'a zai gyara tun kwana na biyu, shi na mayar shekara guda, ya ci mini sana'a.

Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi. Shekara goma sha biyar ke nan, Hasan bai taɓa tayar da maganar ba. Yana tsokanata a kan furfurata, da tumbina, da yadda nake cin goro, amma wannan ko da ido bai taɓa nunawa ba, ko matarsa ba ta sani ba. Da ya yi mini dariya ko sau ɗaya ne, da na samu abin riƙewa a kansa. Ya hana ni ko wannan. Mutum ya fi ka karatu, ya fi ka farin jini, sannan ya fi ka hali, ka gaya mini yadda za a yi ka so shi cikin sauƙi.

Yanzu zan faɗa maka abin kunyar da na yi makon jiya. Da uwarka ta gaya mini zancen wandonka, tambayar farko da na yi mata ba yaya jikinka ba ce. Cewa na yi, "Ya gaya ma Majo?" Ta ce a'a, ba ka gaya wa kowa ba. Habibu, daɗi na ji. Na ce a raina, to ga abu ɗaya da bai kai wa Baba Majo ba. Har na fara tunanin in nemo maka magani da kaina, in yi jinyarka a ɓoye, ka warke a hannuna, ka san ni ma uba ne. Kwana biyu ina wannan lissafin, kai kuma kana ɗingishi a tsakar gida. Sai ranar Lahadi na ga ka bar tuwo, kana rawar sanyi da rana, ka ce wai gajiya ce. Nan na gane ina shirin yi maka abin da na yi wa kaina, kuma saboda mutum ɗaya.

Jiya Litinin na hau mota na tafi Konni. Na same shi a wurin aiki, na jira layi kamar kowa. Da na shiga ya ce, "A'a, tsohon direba, taya ta hwashe ko goro ya ƙare?" Na ce masa ba wasa ya kawo ni ba, na gaya masa duk abin da na gani. Ya ajiye biro. Ya ce kwana shida da suka wuce ka ci abinci a gidansa, kun yi hira, bai lura da komai ba. Ya ce, "Ni da farar rigata ban gani ba. Kai ka gani." Ba zan ɓoye maka ba, wannan maganar ta yi mini daɗi har na ji kunyar daɗin.

Na ce masa ko Alhamis zan turo ka. Ya ce tunda akwai masassara ba za a kai Alhamis ba, gobe Laraba da safe yake son ganinka, kada ka ci komai kafin ka zo ko da za a yi aiki. Ban san abin da zai gani ba. Mai yiwuwa basir ne kawai, ya ba ka magani ka kama hanyarka ranar Asabar. Mai yiwuwa maruru ne, ya ce sai an tsaga, ka kwanta mako biyu ko uku. Na san abin da kake tsoro, kada mai motar da za ka ja ya ji ka fara da jinya tun ba ka fara aiki ba, ya ba wani. Zan je in same shi da kaina in roƙe shi. In ya jira, alhamdu lillahi. In bai jira ba, motar ta tafi, akwai wata. Kujerar babbar mota daga nan zuwa Agadas ba wurin mai maruru ba ce, kuma in ya tsananta a tsakiyar daji babu mai kai ka ko'ina.

In ya ce ka tuɓe, ka tuɓe. In ya tambaye ka, ka faɗa masa gaskiya, har gorar da ka sha da kwanakin da ka yi. Kada ka ji kunyarsa, ya ga na ubanka bai faɗa wa kowa ba.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a zaure, tare za mu tafi. Ba sai ka ce mini komai ba, ni ma ba zan tayar da maganar a hanya ba. Zan raka ka har bakin ƙofarsa. Shi zai shiga da kai ya rufe, don abin da zai yi maka ni ban iya ba, kuma ba zan taɓa iyawa ba. Ni zan zauna a benci a waje, komai daɗewar da za ku yi.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa abin ya zo da sauƙi. Allah ya kai ka duk inda za ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya tsare gabanka da bayanka. Shi kuma Hasan, Allah ya saka masa da alheri, na faɗa ne har zuci ko da yake da ƙyar ta fito. Uwarka na sa maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu